Alƙali Aƙibu na Tumbutu, Mai Raya Masallatan Magabata

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, al'adar mutane ce su riƙe sunan wanda ya aza harsashin masallaci, su manta da wanda ya hana shi faɗuwa. Duk wanda ya karanta tarihin ƙasashenmu, ko a lakwal ko a madarasa, ya san Mansa Musa sarkin Mali, ya san hajjinsa na shekarar 1324 da zinariyar da ya raba a Misra, ya kuma ji labarin babban masallacin Tumbutu da ake kira Jingarayber, wanda aka gina da umurninsa bayan komowarsa, wajen shekarar 1327. Amma kaɗan ne suka san cewa masallacin nan ya tsufa ya yi wa jama'a kaɗan, aka rushe shi aka sake tayar da shi bayan kusan ƙarni biyu da rabi, kuma girman da yake da shi a yau ya samo asali ne daga wannan aiki na biyu. Wanda ya tsaya a kan aikin ba sarki ba ne, ba kuma gwanin magina ba ne. Alƙalin gari ne, sunansa Aƙibu ɗan Mahmudu ɗan Umaru ɗan Muhammadu Aƙit, Allah Ya yi masa rahama. Cikin shekara goma ya sabunta masallatai huɗu na Tumbutu, kuma uku daga cikinsu ana salla a cikinsu har gobe.

An haife shi a shekara ta 913 bayan Hijira, watau 1507 ko 1508 Miladiyya, a gidan da ya fi kowane gida ilimi a Tumbutu. Zuriyar Aƙit daga ƙabilar Sanhaja suke, mutanen sahara. Kakan mahaifinsa, Muhammadu Aƙit, shi ne ya taso daga ƙasar Masina ya zauna a Tumbutu zamanin da garin yake hannun Abzinawa. Ba su daɗe cikin kwanciyar hankali ba. Da Sonni Ali sarkin Songai ya ci garin a farkon shekarar 1469, ya sa ƙafar wando ɗaya da malaman unguwar Sankore, don yana zarginsu da goyon bayan Abzinawa, sai da yawa daga cikinsu suka yi ƙaura zuwa Walata. Abdurrahman Sa'adi, mai littafin Tarikhus Sudan, ya ba da labarin ranar tashin nan, yadda aka ga manyan mutane masu gemu suna makyarkyata gaban raƙumi, suna faɗuwa idan ya miƙe da su, saboda iyayensu sun tsare su a gida kan karatu tun suna ƙanana, ba su taɓa sanin hawa ba. Cikin ayarin nan akwai yaro ɗan shekara biyar, Mahmudu, wanda aka ɗauka a kafaɗa. Shi ne zai haifi Aƙibu.

Mahmudu ya komo Tumbutu a 1480. Bayan Askiya Muhammadu ya karɓi mulkin Songai a 1493, al'amura suka sake, malamai suka sami daraja, aka naɗa Mahmudu alƙalin gari a 1498, ya riƙe alƙalanci shekara hamsin har rasuwarsa a 1548. Ta hannunsa karatun Muhtasar na Shaihu Halilu ya yaɗu a wannan yanki, littafin nan da har yau ake gwada malamin fiƙihu da shi a zaurukanmu. Wansa kuwa, Alhaji Ahmadu, ya yi hajji a 1485, ya sadu da Imamu Suyuɗi a Misra, sa'an nan ya shiga ƙasar Hausa ya karantar a Kano kafin ya koma gida. Saboda haka gidan nan ba baƙo ba ne gare mu.

A cikin wannan gida Aƙibu ya tashi. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da wurin baffansa, sa'an nan ya tafi gabas don sauke farali. A tafiyar ya sadu da Nasiruddin Laƙƙani, jigon Malikiyya a Misra a zamaninsa, wanda ya rasu a 1551, ya karɓi ijaza daga gare shi, ya kuma sadu da Shaihu Abul Hasan Bakari. A Makka ya yi wani abu wanda ba kowane alhaji ne zai tuna da shi ba: ya ɗauki igiya ya auna tsawon Ka'aba da faɗinta, ya naɗe igiyar ya zo da ita gida. Za mu komo kan wannan igiya.

Bayan rasuwar Mahmudu, ɗansa Muhammadu ya gaji alƙalanci. Shi kuma da ya rasu a 1565, aka naɗa Aƙibu, yana da shekara kusan 58. Sarkin zamanin shi ne Askiya Dawuda, wanda ya yi mulki daga 1549 zuwa 1582, lokacin da daular Songai take cikin ƙarfinta da wadatarta.

Ya kamata mu fahimci matsayin alƙali a Tumbutu ta wancan lokaci, in ba haka ba za mu yi mamakin abin da ya haɗa mai shari'a da laka da azara. Fadar Askiya tana Gawo, tafiyar kwanaki. Akwai wakilan sarki a Tumbutu da tashar jiragen ruwanta Kabara, masu karɓar haraji da tsaron gari, amma a idon talakawa alƙali shi ne uban gari. Gare shi ake kai rabon gado da dukiyar marayu, shi yake duba al'amarin limamai da masallatai, gidansa kuma mafaka ne ga wanda ya gudo wa fushin masu mulki. Ahmadu Baba, jikan Alhaji Ahmadu, wanda ya yi zamani da Aƙibu ya kuma karɓi ijaza daga hannunsa, ya siffanta shi a littafinsa Nailul Ibtihaj da cewa mutum ne mai daidaita hukunci, mai ƙarfin zuciya, wanda zargin mai zargi ba ya kau da shi daga gaskiya, mai faɗa wa sarki da na ƙasa da sarki abin da ba su so. Ya ce idan ya ga abin da ransa ya ƙi, sai ya tuɓe kansa daga alƙalanci ya rufe ƙofarsa, a yi ta lallashinsa har ya komo, kuma haka ta faru ba sau ɗaya ba. Ya ƙara da cewa Allah Ya buɗa masa a dukiya. Waɗannan abubuwa biyu, kwarjini da wadata, su ne jarin da ya shiga aikin masallatai da shi.

Masallatan da ya tarar

Manyan masallatan Tumbutu uku ne. Jingarayber, ma'anarsa da harshen Songai babban masallaci, yana gefen yamma, nan ake Juma'a. Sankore yana arewa, unguwar malamai da almajirai; Sa'adi ya ce wata mace mai dukiya da son alheri ce ta gina shi tun farko. Na uku yana tsakiyar gari, shi ne wanda Muhammadu Naddi hakimin Tumbutu ya gina wajen 1440, ya sa Shaihu Sidi Yahaya limanci, har masallacin ya ɗauki sunan shaihin. Dukansu ginin ƙasa ne, ana haɗawa da wani farin dutse mai taushi da ake haƙowa kusa da garin, wanda suke kira alhor.

Wanda bai zauna cikin ginin ƙasa ba yana tsammanin Tumbutu ba ta da abin tsoro, tunda bakin hamada ce, ruwan sama kaɗan ne. Ba haka ba ne. Ruwan yana da ƙaranci, amma idan ya zo da hadari da iska yake zuwa, dare ɗaya ya wanke yaɓen shekara. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa azara, ya sauka cikin bango; mai gida ba zai sani ba sai ranar da ya ga tsaga. Gara tana cin itace daga ciki. Rairayi kuma iska tana tara shi a gindin bango shekara bayan shekara, har hanya ta fi daɓen masallaci tudu, ruwa ya riƙa gangarowa ciki. Ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. Idan ya sami hannu kowace shekara ya yi ɗaruruwan shekaru, idan aka juya masa baya damina kaɗan ta ishe shi. Waɗannan itatuwan da ake gani sun fito daga jikin hasumiya kamar ƙaya, baƙo yana ɗaukarsu ado, alhali kuwa matakala ce da magina suka bar wa na baya, don su taka su hau su yi yaɓe. Watau tun ranar gini an riga an yi shirin gyara.

Banda tsufa akwai ƙunci. Tumbutu ta ƙarni na 16 ba ita ce ta Mansa Musa ba. Ayarin gishiri daga Tagaza, da zinariya daga kudu, da littattafai daga Magrib da Misra, sun tara mutane. Hasan Wazzan, wanda Turawa suke kira Leon na Afirka, ya ziyarci garin lokacin Aƙibu yana yaro, ya shaida yawan alƙalai da malamai da limamai, ya kuma ce cinikin littattafai ya fi sauran haja riba. Garin da ya cika haka, masallacin Juma'arsa ba zai tsaya yadda yake shekara ɗari biyu da suka wuce ba.

Aƙibu ya fara da masallacin Sidi Yahaya a 976 Hijiriyya, wajen 1569. Shekarar da ta biyo, 977, ya juya kan Jingarayber, kuma a nan ne ya yanke hukuncin da ya fi kowane nauyi a rayuwarsa ta gini. Ya ba da umurni a rushe tsohon ginin. Masallacin kuwa kaburbura sun kewaye shi, don al'adar mutanen yankin ce su binne matattunsu jikin masallaci daga waje. Sa'adi ya ce alƙalin ya daidaita waɗannan kaburbura da ƙasa, ya shigar da filinsu cikin masallaci, ya faɗaɗa shi faɗaɗawa mai yawa.

Mu dakata a nan kaɗan, domin wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma mun san wani zai karanta ya ɗaga gira. A mazhabar Imamu Malik kabari hubusi ne a kan mai shi, ba a taka shi, ba a tone shi muddin akwai saura daga gare shi. Haka kuma filin waƙafi ba a sayar da shi ko da ya zama kango. Amma malaman mazhabar sun toge wani hali, shi ne idan masallacin Juma'a ya yi wa Musulmi kaɗan, ba kuwa wata hanya sai a shiga filin da ke maƙwabtaka da shi. A nan sun ba da dama, saboda amfanin jama'a ya rinjayi amfanin ɗaiɗaiku. Wanda ya girma a gidan da ake karanta Muhtasar dare da rana ya san hukunci na farko kamar yadda ya san na biyu. A ganinmu abin lura shi ne wanda ya yi aikin: masani ne, mai riƙe da shari'ar gari, wanda idan ya yi kuskure a kansa alhakin yake, kuma ya yi shi ne don a sami wurin sujada. Wannan daban yake da mai kuɗin da zai sa a ture tsohon masallaci cikin dare don a rubuta sunansa a jikin sabo.

Alƙali da sarki

Aiki irin wannan yana cin dukiya, kuma inda dukiya da suna suka haɗu ba a rasa masu kai da komo. Littafin da aka sani da Tarikhul Fattash ya kawo cewa masu annamimanci sun shiga tsakanin alƙalin da Askiya Dawuda a lokacin ginin babban masallaci, har maganganu marasa daɗi suka gudana tsakaninsu. Da Askiya ya biyo ta Tumbutu sai ya tafi da kansa ƙofar gidan alƙali. Alƙali ya ƙi ba shi izinin shiga. Sarkin da ake zuba ƙasa a ka idan za a gaishe shi ya tsaya da ƙafafunsa a ƙofar malami lokaci mai tsawo, sai da wani daga cikin malaman gari ya sa baki aka buɗe masa. Ya shiga da ƙanƙan da kai, ya nemi a daidaita, aka daidaita.

Ba mu kawo wannan don mu koya wa almajirai rufe wa masu mulki ƙofa ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wanda bai kai Aƙibu ilimi da tsarkin hannu ba, idan ya kwaikwayi fushinsa girman kai kawai zai kwasa. Daɗa ma, rabin yabon na Askiya Dawuda ne, wanda aka ce ya haddace Alƙur'ani, ya kuma kafa taskokin littattafai yana biyan marubuta suna kwafa. Da wani sarkin ne, da ƙofar aka ɓalle. Abin da ya fito fili shi ne aikin masallacin ya zauna a hannun alƙali, sarki ya shigo a matsayin mai taimako. Sa'adi ya ce Askiya ya tarar ginin bai ƙare ba, ya nemi a bar masa abin da ya rage ya zama rabonsa cikin taimakekeniya a kan alheri, ya ba da dukiya, da ya koma Gawo kuma ya aiko da itacen rufi guda 4,000 na itaciyar da ake kira kangaw, sunan da maƙwabtanmu Zabarmawa suke kiran goruba da shi har yanzu.

Wanda ya san gini ya san darajar wannan kyauta. A bakin sahara ƙasa ba ta yankewa, hannu ma akwai, itace shi ne wahala. Kuma tsawon itacen da ake samu shi yake hukunta siffar masallaci. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta yi faɗi, don haka dole ginshiƙai su yi kauri su kusanci juna, kowane tsakani ya zama kamar sahu ɗaya. Shi ya sa wanda ya shiga Jingarayber yake ganin layi bayan layi na ginshiƙai, da duhu mai sanyi ko da rana tana tsaka. Faɗaɗa irin wannan masallaci ma'anarsa ƙara ginshiƙai da dubban itatuwa, kuma kowane itace sai an sare shi a wata ƙasa an yi dakonsa.

Bayan ƴan shekaru ya sabunta masallacin kasuwa a 985, wajen 1577. A shekarar da ta biyo, 986, watau 1578, yana ɗan shekara saba'in da ƴan kai, ya fuskanci Sankore, masallacin unguwarsu, inda iyayensa da kakanninsa suka yi limanci da karantarwa. Ya sake gina shi, ya daidaita alƙiblarsa. A nan ne ya fito da igiyar nan ta Makka. Kamar yadda Tarikhul Fattash ya kawo, da ita ya auna, har farfajiyar cikin masallacin ta zo daidai da tsawon Ka'aba da faɗinta.

Babu wani hukunci na shari'a da ya ce a auna masallaci da Ka'aba, kuma sallar da aka yi a farfajiyar Sankore ba ta zama sallar Harami ba. Alƙali ya fi mu sanin haka. Mu dai abin da muke gani a cikin wannan aiki shi ne shauƙi. A zamanin da tafiyar hajji take cin shekara ko fiye, ta hamada da ƙishirwa da ƴan fashi, mafi yawan almajiran Sankore sun san ba za su taɓa ganin Ɗakin Allah da idonsu ba. Malaminsu ya kawo musu abin da ya iya ɗaukowa. Ɗalibin da ke karanta babin hajji yana iya ɗaga kai daga takarda, ya dubi bango huɗu da ke kewaye da shi, ya san girman abin da ake yi wa ɗawafi. A ƙarshen rayuwarsa shi da kansa ya riƙa limancin wannan masallaci, ya haɗa da alƙalanci.

Rushewar da ta zama rayarwa

Masana adana tsofaffin gine-gine na wannan zamani, da an kawo musu shawarar Aƙibu a yau, da wuya su yarda a rushe ginin Mansa Musa. Ƙa'idarsu ita ce a taɓa kaɗan, a bar tsoho a matsayinsa. Muna ganin hikimar wannan ƙa'ida. Amma duk da haka ba mu sa Aƙibu cikin masu ɓarna, kuma ga dalilinmu. Ya rushe, ya mayar a wuri guda, da ƙasar wurin, da hannun maginan garin, a bisa tsarin da suka gada. Saboda haka abin da ya fi bango muhimmanci bai yanke ba, watau sanin yadda ake yin bangon. Yaran da suka ɗauki laka a ka a 1570 su ne gwanayen da suka yi yaɓe bayan shekara talatin, su kuma suka koya wa nasu. Har yau a Tumbutu akwai gidajen magina da suka gaji kula da masallatan nan, kuma ana yin gayya ta yaɓe: a yi sanarwa a masallaci, masu hali su kawo ƙasa da itace, matasa su kwaɓa su ɗauka, gwanaye su hau bango. Kalmar da Alƙur'ani ya yi amfani da ita a Suratut Tauba game da masu hidimar masallatan Allah ta ƙunshi ginawa da gyarawa da cika su da ibada gaba ɗaya, kuma da Hausa ba mu da fassarar da ta fi rayawa.

A gwada da abin da ya sami masallacin Sidi Yahaya a 1939, zamanin mulkin Faransa, lokacin da aka sake masa fuska da dutse, aka mayar da hasumiyarsa kamar ta ganuwar soja. An yi da sunan gyara, amma cikin ukun shi ne ya fi nisa da kamanninsa na asali. Haka nan abin da ya zama ruwan dare a garuruwanmu, a lulluɓe bangon ƙasa da siminti a ce an huta da yaɓe. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa yana tsare shi a ciki. Waje ya yi kyau, ciki yana rugurgujewa, kuma tunda an daina yaɓe an daina duba bango, magini ya tsufa bai koya wa kowa ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin irin ginin ɗaya ne daga Tumbutu har Damagaram. Masallacin Agadas, wanda asalinsa yake komawa wajen 1515, zamanin da Aƙibu yake yaro, an sabunta shi a 1844, kuma hasumiyarsa mai tsawon mita 27 tana tsaye ne saboda ba a daina hawanta da laka ba. A Yama, cikin jahar Tawa, Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya komo ya sake masa rufi ya ƙara masa hasumiyoyi daga 1975 zuwa 1982, jama'ar gari suna kawo abin da suke iyawa, har aikin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A ɗaya gefen kuma, tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba na 2024 bayan ruwan sama mai yawa. Wanda ya ga hoton tarin ƙasar nan ya san abin da alƙalin Tumbutu yake tsere da shi.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Askiya Dawuda ya rasu a 1582. Alƙali Aƙibu ya bi shi bayan shekara guda, cikin watan Rajab na 991, daidai da Agusta 1583, yana da shekara 78 a lissafin Hijira, bayan shekara 18 a kan shari'a. Kujerarsa ta zauna babu kowa kusan shekara ɗaya da rabi, saboda ƙanensa Umaru ya yi ta ƙin karɓa. A tsakanin nan Malam Muhammadu Bagayogo, babban malamin Ahmadu Baba, shi ya riƙa raba gardama tsakanin mutane don kada haƙƙoƙi su tozarta, har Umaru ya amsa a 1585.

Allah Ya ɗauke Aƙibu kafin ya ga abin da ke tafe. Sarkin Maroko Ahmadu Mansur ya turo runduna da bindigogi ta ƙetare sahara ƙarƙashin Judar Basha, suka karya sojojin Songai a Tondibi cikin Maris 1591, suka shiga Tumbutu. A watan Oktoba 1593 Basha Mahmudu ɗan Zarƙun ya kira malaman gari su zo su yi mubaya'a, ya zaɓi masallacin Sankore wurin taron. Da suka hallara aka rufe ƙofofi aka kama su, cikin ginin da ɗan'uwansu ya tayar shekara goma sha biyar kafin nan. An kashe waɗansu a hanya, an washe gidajensu da littattafansu. A 1594 aka tasa ƙeyar Alƙali Umaru, yana tsoho, da Ahmadu Baba da sauran dangi zuwa Marrakush cikin sarƙa. Umaru ya rasu can. Ahmadu Baba ya komo a 1608, ya rasu a 1627, kuma yana can baƙunta ya rubuta littafin da ya adana mana siffar Aƙibu. Daga nan alƙalancin gidan Aƙit, wanda ya kusa cika shekara ɗari, bai sake komowa ba.

Masallatan kuwa suka wanzu. Mulkin Arma, zuriyar sojojin Maroko, ya zo ya wuce, haka na Fulanin Masina da na Abzinawa da na Faransa. Bafaranshe Rene Kaye ya ga Jingarayber a 1828 ya zana shi, Bajamushe Barth ya gan shi a 1853. A 1988 hukumar UNESCO ta sa masallatan uku da kaburburan waliyyai 16 cikin jerin kayan tarihi na duniya. Daga 1990 zuwa 2005 suna cikin jerin waɗanda ake ji wa tsoro, musamman saboda rairayi. Daga 2006 gidauniyar Aga Khan ta yi aikin shekaru a Jingarayber tare da maginan garin, aka sake itatuwan rufi da suka ruɓe, aka gyara hanyoyin ruwa.

A 2012 ƴan bindigar da suka mamaye arewacin Mali suka rusa gine-ginen da ke kan kaburbura da dama, cikin na farko har da na Mahmudu mahaifin Aƙibu, suka kuma ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahaya. Kotun duniya da ke Lahay ta yanke wa Ahmad Alfaƙi Almahdi ɗaurin shekara 9 a kan wannan a Satumba 2016. Kafin hukuncin ya fita, maginan Tumbutu sun riga sun sake tayar da guda 14 daga cikin abin da aka rusa, sun gama a 2015, da ƙasa da alhor da itace, bisa awon da tsofaffinsu suka riƙe da abin da aka samu a hotuna. Ƙofar Sidi Yahaya ma massaƙan garin suka gyara ta, aka mayar da ita mazauninta a watan Satumba na 2016.

Allah Ya jiƙan Alƙali Aƙibu da iyayensa da malamansa, da maginan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa waɗanda littattafai ba su riƙe sunayensu ba.